Shin mace za ta iya ɗaukar gwajin bakin mahaifa da hannunta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, amma ku yi haƙuri sai na ɗan ja zancen. Bara war haka muka rasa goggona, ƙanwar babanmu, sankarar bakin mahaifa ce ta yi ajalinta. Ta fi shekara shida da daina al'ada sai jini ya dawo mata. Ta ce ai al'ada ce ta waiwayo, ta yi shiru, tana wanke tsummanta da dare tana shanyawa a bayan ƙyaure. Sai da wari ya fara fita, turaren wuta ya kasa rufe shi, sannan 'yarta ta gane. Da aka kai ta asibiti suka ce abin ya riga ya ci jiki, ko gashin da aka rubuta mata ba ta kai ga gamawa ba.

Bayan sadakar arba'in na ɗau alkawari zan je a duba ni. Na je kuwa. Tun ƙarfe takwas nake kan benci har azahar ta kusa. Da layi ya zo kaina na shiga, na tarar da likita namiji da ɗalibai biyu su ma maza, labulen bai kai bango ba, ga ƙarfen nan da ake buɗe mace da shi a cikin tasa. Na ce zan zaga bayi. Ban koma ba har yau, kuma abin yana cin raina.

To jiya wata maƙwabciyata ta ce ta ji yanzu akwai gwajin da mace ke ɗauka da kanta, ba mai buɗe ta. Gaskiya ne? In gaskiya ne, sakamakonsa abin dogaro ne, ko dai kwantar da hankali ne kawai? Masu sani a taimaka don Allah.

Ummu Sudais: Allah ya jiƙan Goggo, ya sa jinyar ta zama kaffara. Maman Ilham ba ke kaɗai ba ce. Ni sau biyu ina karɓar kati ina komawa gida da shi.

Hajiya Babba: Allah ya gafarta mata. Amma ni kam 'yata ban yarda da wannan zance ba. Likita ya shekara shida ko bakwai yana karatu, ya kunna fitila, ya sa ƙarfe, sannan da ƙyar ya hango wurin. Ke da ba ki taɓa ganin bakin mahaifarki ba, a tsaye a bayi, ta ina za ki san kin taɓo inda ake so? Kada a je a ce miki lafiya ƙalau alhali ciwo na nan yana cinki. Gara kunyar rana ɗaya.

Anti Likita: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, Allah ya jiƙan Goggo. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya. Hajiya kuma tambayarki ita ce ainihin wadda masu bincike suka shafe shekaru suna yi, don haka bari in amsa ta a tsanake.

Gwaji iri biyu ne ake haɗawa a baki. Na da, wanda ake kira Pap, ƙwayoyin naman bakin mahaifa ake gogowa a shafa a gilashi a duba da madubin likita a ga ko sun fara canza kama. Wannan kam dole sai an ga wurin da ido, Hajiya kin yi daidai, mace ba za ta iya yi wa kanta ba. Na yanzu kuwa ba naman ake dubawa ba, ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon ake nema, wato HPV. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ita ce silarta, kuma iri biyu daga cikinta, 16 da 18, su ke da alhakin wajen kashi 70 cikin 100. Ita wannan ƙwaya in tana bakin mahaifa ba ta tsayawa nan kaɗai, tana biyo ruwan jiki ta sauko cikin gaba. Shi ya sa ba sai tsinken audugar da mace ke ɗaukar samfurin da shi ya taɓa bakin mahaifa ba. Ya shiga ciki ya gogi bango, ya wadatar.

A 2018 wani mai bincike a Beljiyam, Marc Arbyn, shi da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa da aka yi a ƙasashe daban-daban, inda mace ɗaya ke ba da samfur biyu, ɗaya na hannunta ɗaya na hannun ma'aikaci, a kwatanta. Suka ga in dai da na'urar PCR aka auna, na hannun mace yana kamo masu matsala kusan daidai da na ma'aikaci. Holan ma ta yi nata babban gwajin a kan dubban mata, aka buga a 2019, ba a ga na hannun mace ya gaza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙa'idojinta na 2021. Ostareliya tun 1 ga Yulin 2022 kowace mace mai shekara 25 zuwa 74 ake ba ta zaɓi, ta ɗauka da kanta ko a ɗaukar mata. Amurka ta amince a Mayun 2024 a riƙa yi a cikin asibiti, mace ta shiga ɗaki ita kaɗai, a 2025 kuma suka amince da na farko da ake yi a gida.

Hajiya Babba: To Dakta na ji. Amma kin ce "in dai da na'urar kaza aka auna". Ke nan akwai inda ba haka ba.

Abu Hanif: Hajiya kin kama wurin da ya kamata. Ni aikina ke nan, ɗakin gwaje-gwaje. Ita PCR ninka ƙwayar halittar cutar take yi sau miliyoyi, ko ɗan kaɗan aka ɗebo za ta gan shi. Akwai tsofaffin hanyoyi da ba sa ninkawa, su sai abu ya yi yawa suke gani. A wancan binciken na 2018 da Dakta ta ambata, irin waɗannan sun riƙa kuskure wasu mata in samfurin na hannun mace ne. Don haka duk wadda za a ba tsinke ta tambaya kai tsaye: da PCR za ku auna? Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne.

Game da tsoron "ban ɗebo daidai ba" kuma, galibin na'urorin PCR suna da mai gadi a ciki. Ban da cutar, suna neman alamar ƙwayar jikin ɗan Adam a kan audugar. In mace ta tsorata ta mayar da tsinken ba ta yi amfani da shi ba, na'urar ba za ta ce lafiya ba, za ta ce samfurin bai yi ba, a sake.

Abin da ya fi damuna a wajenmu shi ne hanya. Tsinke ya kwana biyar a aljihun babur cikin zafin Afrilu, ko a rubuta suna da biro a jikin robar ya goge. Na taɓa karɓar kwali guda daga wani gangami, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba a iya karanta lambobinsu. Matan sun yi nasu, mu muka gaza.

Ummi ta Landan: Bari in ba ku nawa, tunda ni na yi da hannuna. A 2021 an yi wani bincike a nan arewaci da gabashin Landan mai suna YouScreen, jami'ar King's College ce ta jagoranta, don matan da lokacin gwajinsu ya wuce ba su je ba. Ina cikinsu, wasiƙa uku na ajiye a ƙarƙashin tire. Na kai yaro asibitin unguwa saboda tari, nas ɗin ta duba kwamfuta ta ce ai ke ma ana binki bashi, ga wannan ki shiga bayi. 'Yar roba ce doguwa kamar biro, a ciki tsinke mai auduga a kai, kamar na gwajin korona amma ya ɗan fi tsayi. Na wanke hannu, na ɗora ƙafa ɗaya a kan murfin masai, na sa shi ciki kamar tsawon ɗan yatsa, na juya shi a hankali ina ƙirga ashirin, na mayar cikin robar na rufe. Wallahi ban ji zafi ba ko kaɗan. Yaron bai gama shan ruwan da aka ba shi ba na fito.

Daga baya da sakamakon binciken ya fito na ga wani abu da ya yi daidai da halina. Matan da aka miƙa wa a hannu a asibiti, fiye da rabi sun yi. Waɗanda aka aika wa ta gidan waya kuwa wajen kashi 13 ne kawai suka mayar. Da ni ma ta wasiƙa ya zo min, ƙarƙashin tiren nan zai tafi.

Sista Uwani: Ummi kin faɗi abin da nake ta faɗa wa na sama da mu. Ba tsinken ne ke aiki shi kaɗai ba, hannun da ya miƙa shi ne. A lardin Jujuy na Ajantina an gwada wannan, aka buga a 2015. Ma'aikatan lafiya na unguwa, irin namu masu bi gida-gida, aka raba biyu. Wasu in sun je gida sai su ce wa mace ki je asibiti a yi miki gwaji. Wasu kuma su ce ga tsinke, shiga ɗaki ki yi, ina jiranki a tsakar gida. Na farkon kashi 20 cikin 100 suka yi gwajin, na biyun kashi 86. Ku dubi tazarar.

Kuma kada a ce sai can. A nan kewayen Abuja an yi irinsa da mata 400, Dakta Fatima Modibbo da abokan aikinta suka buga a 2017. An raba su ɗari biyu-biyu. Waɗanda aka ba tsinke su tafi da shi gida, sama da kashi 90 sun dawo da shi. Waɗanda aka ba ranar zuwa asibiti, da kaɗan suka haura rabi. Matanmu ne, masu kunya irin tamu, masu neman izinin fita irin namu.

Maman 'Yan Biyu: Sista ni tambayata, budurwa fa? Ƙanwata shekararta 22 ba ta yi aure ba.

Sista Uwani: Ba ta kai ba, ki bar ta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya daga shekara 30 ake farawa, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ita daga 25, duk shekara 3 zuwa 5, don haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Ƙananan 'yan mata kuma nasu rigakafi ne, wanda aka fara a Najeriya a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya. Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin rukunin farko.

Baban Walid: Salamu alaikum. Ku gafarce ni iyaye mata, na san zancen naku ne, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. An ce ta hanyar saduwa ake ɗaukar wannan cuta. To a ce matata ta yi gwajin nan a ɗaki, saƙo ya shigo waya cewa tana da ita. Me ake so in ɗauka? Ni na san kaina. Ita kuma me za ta ɗauka a kaina? Ina tsoron a je neman lafiya a dawo da takardar saki. Na ga gidan da gwajin ciwon sanyi kawai ya watsa.

Ummu Sudais: Malam da ka ce ka san kanka, ita ma ai ta san kanta. Me ya sa in abu ya fito sai a fara kallon mace?

Baban Walid: Ba haka nake nufi ba Hajiya. Cewa na yi zargi zai shiga ta kowane ɓangare.

Anti Likita: Ummu Sudais a yi masa uzuri, gara da ya faɗa a nan da a ce ya riƙe a ciki. Baban Walid, ka saurare ni da kyau, don wannan maganar ina yin ta a ɗakin duba marasa lafiya kusan kowane mako.

HPV ba irin ciwon sanyin da ka sani ba ne, da za a ce an ɗauka makon jiya ya bayyana yau. Galibin mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, sun gamu da ita a wani lokaci ba tare da sun sani ba. Ba ta da alama. Wajen tara cikin goma jiki ne ke kawar da ita da kansa cikin shekara biyu. A wasu kuma takan lafe shekara da shekaru, gwaji bai ganinta, sannan ta sake bayyana in garkuwar jiki ta yi rauni. Babu gwajin da zai gaya maka yaushe ta shiga ko daga wa.

Yanzu ka dubi yadda aurenmu yake. Namiji ya auri bazawara. Ko ya rabu da wata ya auri budurwa. Ko yana da mata uku, ɗaya ta taɓa aure a baya, mijinta na da shi ma ya taɓa aure. Duk halal ne, ba wanda ya saɓa wa Allah, amma ƙwayar ta samu hanyar zagayawa. Mace na iya zama ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta, shi ma bai taɓa sanin kowa ba sai matansa na sunna, kuma a same ta da ita. Namiji ba a yi masa wannan gwajin a al'adar asibiti, shi ya sa kullum sunan mace ke kan takarda, kamar ita ta kawo.

Kuma "tana da HPV" ba ya nufin tana da sankara. Daga kamuwa zuwa sankara a mace mai lafiyar garkuwa yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Wannan doguwar tazara ita ce rahamar da ke cikin lamarin, a cikinta ake tare abin tun yana ɗan tabo.

Malama Ummu Hani: Dakta Allah ya saka da alheri. Baban Walid, ka ji dai. Tunda masana sun ce sakamakon nan ba ya nuna lokaci ba ya nuna mutum, to wanda ya gina zargi a kansa ya gina a kan zato, kuma ka san matsayin zato a addini, balle a kan mutuncin matar aure. Ni abin da ya ja hankalina ma shi ne wannan hanya ta sauƙaƙa wa mace batun tsiraici. Da yawa cikin ɗalibaina abin da ke hana su ke nan. Ko da yake lalura ta halatta likita ya duba, in an samu hanyar da ba sai an buɗe ba ai an fi so. Na ji Malesiya sun yi nisa da wannan, kuma Musulmi ne mafi yawansu.

Anti Likita: Haka ne Malama, shirinsu ROSE ake ce masa, Farfesa Woo Yin Ling ta Jami'ar Malaya ce ta jagoranci kafa shi. Mace ta ɗauka da kanta, sakamako ya zo mata ta wayarta, in akwai matsala a kira ta a haɗa ta da asibiti.

Baban Walid: Na gamsu da bayanin Dakta. Amma ina roƙo, in za a kawo wannan unguwanni, a fara tara maza a yi musu wannan bayanin tukuna. A masallaci ko a majalisa. Ni yau na fara jin cewa tana iya kwanciya shekaru. In ni da nake karatu ban sani ba, ina ga wanda saƙo kawai zai gani?

Sista Uwani: Yauwa. Baban Walid ka kawo ni inda nake so in tsaya, kuma ku yi haƙuri zan daɗe a nan, don shekara 19 nake aikin ungozoma kuma wannan ne ke hana ni barci.

Kowa yana murna da tsinke. Ni ma ina yi. Amma tsinke ba ya warkar da kowa. In sakamako ya fito akwai cutar, dole matar nan ta zo, ta hau gado, a sa ƙarfen nan da Maman Ilham ta gudu domin sa. Ba makawa. Sai an ga bakin mahaifa, a shafa ruwan binega a ga ko wani wuri zai yi fari. In ɗan tabo ne, akwai 'yar na'ura mai batir da ake ɗora kanta mai zafi a wurin, daƙiƙa 20 zuwa 30, ta ƙone shi, mace ta sauko ta tafi gida da ƙafarta. In ya fi haka a tura ta a yanke wurin da zaren lantarki. Abin da tsinke ya yi shi ne ya rage yawan masu hawa gadon. Maimakon mata ɗari su hau, sai 'yan kaɗan da aka samu da cutar. Amma su waɗannan kaɗan ɗin su ne dalilin yin aikin gaba ɗaya, kuma su ne muke ɓatarwa.

An taɓa kawo mana gangami, ba zan faɗi ko su wa ba ne. Mata suka cika rumfa, aka yi hotuna, aka tafi da samfur. Bayan mako bakwai aka turo min takarda da sunayen waɗanda za a kira. Na zauna da littafin rajista da wayata, da katina na saya. Lamba ta farko a kashe. Ta biyu namiji ya ɗauka, ya ce wace ce ke, me matata ta yi? Me zan ce masa? Ba ni da ikon faɗa masa, in kuma na yi shiru na jefa ta cikin tuhuma. Ta uku lambar mai shagon cajin waya ce. Wata ta koma garinsu, wata an sake ta. Wadda na samu ta ce Sista ni lafiyata ƙalau, ba inda ke min ciwo, kuɗin mota kuma na cefane ne. Har yau littafin yana cikin durowata, akwai sunaye da na ja wa layi da jan biro, ban san inda suke ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A yankin Migori na Kenya an yi bincike, da aka kai gwajin cikin gari mata sun fito sosai fiye da na asibiti, amma cikin waɗanda aka samu da cutar ko rabi ba su isa wurin magani ba. Mace ta san tana da abu, ba a yi mata magani ba, an bar ta da fargaba. Wannan wace irin taimako ce?

Abu Hanif: Sista wannan mako bakwai ɗin shi ne ciwon. Kuma ba dole ba ne. Na'urar GeneXpert da muke gwajin tarin fuka da ita, wadda ke asibitoci da yawa a ƙasar nan, tana da harsashin HPV, wato 'yar robar da ake zuba samfurin a ciki, wajen awa ɗaya take fitar da sakamako. A Papuwa Niyu Gini an gwada da mata sama da 4,000, aka buga a 2022: mace ta ɗauka da safe, ta zauna a inuwa, sakamako ya fito, in da matsala a ƙone mata a ranar. A garin Dschang na Kamaru ma, nan maƙwabta, haka suke yi tare da likitocin birnin Janeba na Suwizalan, gwaji da tantancewa da magani a zuwa ɗaya. Matsalar ita ce kuɗin harsashin, da wuta, da kuma layin masu tarin fuka da ke kan na'urar.

Ta Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan in mace ta tafi gidan likita, abin da na gani shi ne na binega, unguwar zoma ta duba da ido. To wadda ba ta samu na tsinke ba, ta jira har ya zo, ko ta yi wanda ke akwai? Ina da shekara 41, haihuwa takwas, ban taɓa yi ba.

Anti Likita: 'Yar uwa kada ki jira. Ki yi na binegar. Gwajin HPV ya fi shi kamo matsala, shi ya sa ake son a koma kansa, amma wanda ke hannu ya fi wanda ake jira. Kuma ko sau ɗaya a rayuwa yana da tasiri. A gundumar Osmanabad ta Indiya an bi mata sama da 130,000, aka buga a 2009, aka ga gwajin HPV sau ɗaya tak ya rage mutuwa daga wannan ciwo da kusan rabi. Burin da duniya ta sa a 2020 ma sau biyu ne, mace ta yi kafin 35, ta sake kafin 45. A Najeriya kiyasin 2020 ya nuna mata wajen 12,000 ke kamuwa a shekara, wajen 8,000 ke rasuwa. Galibinsu irin Goggo ne, ba a taɓa duba su ba sai da jini ya zo.

Maman 'Yan Biyu: Dakta wata a cikin zauren nan ta turo min a ɓoye, ta ce in tambaya mata, ba ta son sunanta ya fito. Wata huɗu ke nan duk sanda maigida ya kusance ta sai ta ga jini, ga ruwa mai ƙarni. Ta ce ta ji daɗin wannan zance, za ta nemi tsinken ta yi a gida.

Anti Likita: A'a. Don Allah ki gaya mata, ko ma tana karantawa: 'yar uwa, tsinken nan ba naki ba ne. Na mace ne da ba ta jin komai. Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada, jini bayan an daina al'ada, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, duk waɗannan sai an duba da ido, kuma cikin makon nan. Ba lallai sankara ba ce, akwai abubuwa da dama masu sauƙi da ke kawo haka. Amma ba a ganewa daga gida. Ki je sashen mata na babban asibiti, ki faɗa wa nas ɗin da ke rubuta kati abin da kika faɗa wa Maman 'Yan Biyu, kalma da kalma. Ki ce mace kike so ta duba ki. Ki tafi da 'yar uwarki ta tsaya a kanki. In mace ba ta samu ba a ranar, ki daure ki bari wanda ke nan ya duba, kada ki koma gida.

Hajiya Babba: Yarinya ki ji maganar Dakta. In kuɗin mota ne ki faɗa wa Maman 'Yan Biyu ta same ni. Ni kuma Dakta na sauko daga inda nake, amma rabi. Na yarda tsinken yana aiki. Sai dai maganar Sista Uwani ta fi zauna min. Duk wanda zai kawo mana shi unguwa, zan tambaye shi a gaban mai unguwa: wadda aka samu da shi, wa zai yi mata magani, a ina, nawa, kuma yaushe? In ya fara kame-kame ya kwashe rumfarsa.

Sista Uwani: Hajiya ki ƙara da wannan: lambar wa za a rubuta. Mace ta ba da tata, ko ta wadda ta amince da ita, kuma a tambaye ta tun a ranar, in namiji ya ɗauka me za mu ce. Ni yanzu haka nake yi, ina rubutawa a gefen sunanta.

Maman Ilham: Na karanta duka, wasu sau biyu. Na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Gaskiya da na yi tambayar nan so nake a ce min na rabu da gadon nan har abada. Yanzu na gane ba haka ba ne, in an samu abu zan hau, kuma na shirya. Na nuna wa Baban Ilham bayanin Dakta kan zargi tun kafin in je, ya karanta ya ce Litinin shi zai kai ni. Zan tambaya ko suna da na tsinke kuma da PCR ne, in babu a yi min na binega, mace nake so. 'Yar Goggo ma na kira ta, shekararta 38, ta ce mu tafi tare.

Sista abu ɗaya ya rage. Ina sa ran al'adata ranar Asabar. In je haka nan ko in ɗaga?

Sista Uwani: Ki ɗaga har ki yi wanka, jini mai yawa yana hana a ga wurin sosai. Kada ki yi matsi ko ki wanke ciki da wani abu kwana biyu kafin ki je. Ki faɗi ranar da kika tsayar a nan, zan tuna miki da daddare.

Maman Ilham: Litinin ta sama ke nan, in sha Allahu.